Ƙwayar prednisolone, ciki da goyo: me ke ƙetarawa zuwa ga jariri?

A ɗauko mace da ta shekara biyu tana fama da amosanin gaɓɓai, irin wanda ke sandarar da yatsu da asuba har ɗaurin zane ya gagara. Likita ya ɗora ta a kan wata 'yar farar ƙwaya mai ɗaci, prednisolone, miligiram 5 kowace safiya, haɗe da wani magani. Jiki ya sake, ta koma girkinta da keken ɗinkinta. Ana nan sai ta yi ɓatan wata, gwaji ya nuna ciki ne. Kafin ranar ganin likita ta zagayo, maganar ta riga ta bi ta bakin mutum biyu da takarda ɗaya. Uwar mijinta ta ce, "'Yar nan, mai ciki ba ta shan ƙwaya. Ki ajiye ta sai Allah Ya sauke ki lafiya." Mai kemis na bakin layi ya ce, "Hajiya, ba komai, ai kowa na sha." Takardar da ke ninke cikin kwalin kuwa cewa ta yi kada a sha da ciki sai idan amfanin ya rinjayi haɗarin, maganar da ba ta ɗaure ba, ba ta kuma kwance ba.

Su ukun duka sun ɗauka tambayar guda ce: maganin nan yana cutar da jariri ko ba ya cutarwa? A ganina tun daga nan aka saki hanya. Matar nan ba lafiyayya ba ce da aka miƙa wa ƙwaya don marmari. Ranar da ta ajiye maganin, ciwon ne zai dawo ya zauna a gurbinsa, shi ma ciwon kuwa yana da hanyarsa ta kaiwa ga ɗan tayi. Don haka abu biyu ake ɗorawa a sikeli: cikin da ake raino da magani, da cikin da ake raino da ciwon da aka sakar wa linzami. Daga nan sai a gangara zuwa tambayoyin da amsarsu ke raba gardama: wane iri ne daga dangin maganin, miligiram nawa, a wata na nawa, kuma na tsawon wane lokaci.

Wani abin mamaki, masu juna biyu ne suka nuna wa likitoci hanyar wannan magani tun farko. A asibitin Mayo da ke jihar Minnesota ta Amurka, wani likita mai suna Philip Hench ya lura tun 1929 cewa mai amosanin gaɓɓai kan samu sauƙi idan shawara ta kama shi. Daga baya ya ga haka a wurin masu ciki, har a 1938 ya wallafa bayanin mata 22 waɗanda mafi yawansu ciwon ya lafa musu suna ɗauke da ciki, ya kuma dawo bayan sun haihu. Sai ya yi hasashen akwai wani sinadari da jiki ke ƙerawa da kansa mai kwantar da kumburi. A watan Satumban 1948 aka yi wa wata mata 'yar shekara 29 allurar kotizon, magani na farko a dangin prednisolone, cikin 'yan kwanaki wadda ba ta iya tashi daga gado ta miƙe tana tafiya. A 1950 Hench da Edward Kendall da Tadeus Reichstein suka karɓi kyautar Nobel, a 1955 kuma prednisolone ya shigo kasuwa. Daga baya an gane cewa lafawar ciwon da ciki ke kawowa ta fi ƙarfin sinadari ɗaya, garkuwar jikin mai ciki ce gaba ɗaya ke sauya hali. Duk da haka hasashen ya haifar da maganin da yau ya shekara 70 a hannun likitoci, kuma wannan daɗewar ita ce jarinmu: miliyoyin mata sun sha shi da ciki, an ga abin da suka haifa.

Prednisolone ɗan kwaikwayo ne na wani sinadari mai suna kotizol, wanda wasu 'yan tsokoki biyu da ke zaune a kan ƙodojin kowane mutum ke fitarwa kullum. Abin da jikin babba ke ƙerawa a yini ya yi kusa da ƙarfin miligiram 5 na prednisolone. A jikin mai ciki kuwa kotizol yana hauhawa, zuwa watannin ƙarshe ya ninka biyu zuwa uku. Da duk wannan zai kwarara zuwa ga ɗan tayi, da ya yi masa yawa. Sai aka halicci mabiyiya da wani sinadari mai aikin gadi, wanda ke tare kotizol a bakin ƙofa ya mayar da shi wani nau'i marar ƙarfi. Sa'ar da aka yi ita ce mai gadin nan yana kama prednisolone kamar yadda yake kama kotizol. Idan aka auna jinin cibiya aka gwada da na uwa, abin da ya tsira ya ƙetara bai fi kashi 10 cikin 100 ba. Uwar da ke shan miligiram 5 ko 10, abin da ke isa ga ɗanta kaɗan ne ƙwarai a kan wanda jikinta ke aika masa dama.

A nan ne dangin suka rabu, kuma nan ne nake ganin ya fi cancanta mai karatu ya tsaya. Dexamethasone da betamethasone 'yan gida ɗaya ne da prednisolone, duk sitiroyid ake ce musu, amma an sauya musu gini ta yadda mai gadin mabiyiya ba ya iya riƙe su sosai. Suna wucewa su isa ga jariri da ƙarfinsu. Likitocin haihuwa sun san haka, har sun mayar da shi makami. Graham Liggins, wani likita a Niyu Zilan, yana bincike a kan tumaki a ƙarshen shekarun 1960 ya ga 'yan ragunan da aka haifa ba su kai ba suna iya numfashi idan an ba da irin wannan magani kafin haihuwa. A 1972 shi da Ross Howie suka wallafa gwajin da ya nuna haka abin yake ga 'yan Adam. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitoci 29 na ƙasashe biyar, har da Nijeriya, a kan mata 2,852 da haihuwa ta taso musu tsakanin mako 26 da 34. Jariran da aka yi wa iyayensu allurar dexamethasone, kashi 19.6 cikin 100 ne suka rasu, waɗanda ba a yi wa ba kashi 23.5. Ke nan idan uwa ake son yi wa magani, prednisolone ake zaɓa don ya tsaya a jikinta. Idan huhun bakwaini ake son ya nuna, dexamethasone ake zaɓa don ya ƙetara, shi ma allura huɗu cikin kwana biyu, a asibiti.

To sai a dubi abin da ke faruwa a unguwanninmu. Dexamethasone yana daga cikin ƙwayoyin da ake haɗa wa 'yan mata da amare don su yi ƙiba, abin nan da ake wa laƙabi da "sha ka fashe". Ƙarfinsa ba wasa ba ne, miligiram 0.75 nasa daidai yake da miligiram 5 na prednisolone, kuma ya fi daɗewa a jiki. Kumatun da yake cikawa ba lafiya ba ce, kitse ne da ya sauya wurin zama da ruwan da jiki ya riƙe. Amaryar da ta fara sha kafin biki ta ci gaba bayan tarewa, ciki ya shiga ba ta sani ba, ita ce ke aika wa ɗan tayi irin da mabiyiya ba ta iya tarewa, wata da watanni, ba awo ba lissafi. Haka zancen yake ga man bilicin mai ɗauke da sitiroyid irin su clobetasol ko betamethasone, wanda ake shafe jiki da shi safe da yamma. Fata tana tsotsewa, ya shiga jini. Wani bincike da aka wallafa a 2007 daga birnin Dakar na Senegal ya samu cewa masu cikin da ke shafa irin mai ƙarfin nan sun fi haihuwar jarirai marasa nauyi, mabiyiyarsu kuma ta fi ƙanƙanta. Abin takaici, waɗannan ba sa tambayar kowa. Mai tambaya da fargaba ita ce mai miligiram 5 da takardar likita a hannu.

Fargabar tana da asali, bai kamata a raina ta ba. Tsakanin 1957 da 1961 wani magani mai suna thalidomide, da aka riƙa ba masu laulayi a Jamus ta Yamma da wasu ƙasashe da dama, ya sa an haifi jarirai sama da 10,000 da naƙasar hannuwa da ƙafafu. Tun daga lokacin kamfanonin magani suka riƙa kauce wa saka masu ciki a gwaje-gwajensu, takardar cikin kwali kuma ta koma rubutun kare kai a kotu fiye da bayanin da mace za ta yi aiki da shi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta daɗe tana yi wa magunguna tambarin haruffa, A, B, C, D da X, amma a 2015 ta yi watsi da tsarin saboda mutane sun ɗauke shi kamar makin jarrabawa, alhali harafi ɗaya kan tara magungunan da ba su da kama da juna. Har yau akwai ma'aikatan lafiya a wurarenmu da ke yanke hukunci da waɗannan haruffa da masu su suka jingine.

Zargin da ya fi bin prednisolone shi ne tsagewar leɓe da ganda. Mafarinsa ɓeraye ne. A 1951 Clarke Fraser da abokin aikinsa a jami'ar McGill ta Kanada suka ba ɓeraye masu ciki kotizon mai yawa, 'ya'yan suka fito da tsagaggiyar ganda. A shekara ta 2000 wasu masu bincike a Toronto suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi a kan mutane, suka ce haɗarin ya ninka kusan sau uku ga wadda ta sha a watanni ukun farko. "Sau uku" kalma ce mai tayar da hankali, sai an sa ta a ma'auni. Wannan naƙasa tana samun kamar jariri 1 cikin 700 zuwa 1,000. Idan aka ɗauki 1 cikin 1,000 aka ninka sau uku, 3 ke nan, sauran 997 lafiya lau. Sannan irin binciken da ya ba da wannan adadi yana da rauni sananne: ana tambayar uwa ne bayan ta haihu. Wadda ɗanta ya zo da matsala za ta tono duk ƙwayar da ta taɓa haɗiya, wadda nata ya zo lafiya ta manta.

Da aka koma ga rajistar da aka rubuta tun kafin haihuwa, zargin ya yi sanyi. A Denmak, inda ake adana bayanin kowace takardar magani da kowace haihuwa, an bi diddigin haihuwa 832,636 tsakanin 1996 da 2008, aka wallafa a 2011, ba a ga ƙarin tsagewar leɓe ko ganda ba a 'ya'yan waɗanda suka yi amfani da sitiroyid a farkon ciki. Gaskiya ne mafi yawansu na shafawa ko na shaƙa suka yi amfani da shi, masu haɗiyar ƙwaya ba su kai su yawa ba. A Amurka ma, wani babban nazari da ya ga 'yar alaƙa a bayanan 1997 zuwa 2002, da ya sake dubawa da bayanan 2003 zuwa 2009 bai ga komai ba. Akwai kuma lissafin lokaci da ake yawan mantawa: leɓe da ganda sun gama haɗewa kafin ciki ya cika mako 12. Maganin da aka fara a wata na biyar ba shi da yadda zai tsaga abin da ya riga ya haɗe. Kuma ko mace ba ta taɓa shan ko farasitamol ba, kusan jarirai 3 cikin 100 ana haifar su da wata tawaya. Wannan ƙaddara ce da ke kan kowane ciki, kuma idan ta faɗo a gidan mai shan magani, maganin ake nuna wa yatsa.

Illolin da suka fi tabbata ba su da suna kamar tsagewar leɓe, a jikin uwa kuma suka fi sauka. Prednisolone yana ɗaga sukarin jini, ciki ma dama yana ɗagawa, sai su haɗu su ba da ciwon sugan masu juna biyu. Yana riƙe gishiri da ruwa, ya ƙara hawan jini. Yana rage ƙarfin garkuwa, wanda a ƙasar da tarin fuka ya yi katutu ba ƙaramar magana ba ce, haka ma idan ƙarambau ta shigo gida alhali matar ba ta taɓa yi ba. Yana zuƙe ƙashi idan an daɗe ana sha, shi ya sa ake haɗa shi da kalsiyam da bitamin D. An kuma ga alaƙa tsakanin shan mai yawa da fashewar faya kafin lokaci da haihuwar bakwaini. Duk waɗannan da awo suke tafiya. Ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka, a jagorarta ta 2020, ta ce mai shan miligiram 10 ko ƙasa da haka ta ci gaba idan akwai bukata, mai shan fiye da 20 kuma a yi ƙoƙarin saukar da ita ƙasa da 20 ta hanyar ƙara wani maganin da ya dace da ciki.

Zancen bakwainin nan yana da ƙulli. Wa ake ba miligiram 40? Wadda ciwonta ya fi tsanani. Idan ta haihu a wata na bakwai, maganin ne ya jawo ko ciwon da ya sa aka ba ta maganin? Kamar a ce duk gidan da aka ga motar 'yan kwana-kwana an samu gobara, don haka motar ce ke kawo wuta. Masu bincike suna ƙoƙarin tace wannan da lissafi, kuma bayan tacewar alaƙar takan ragu, ko da yake a awo mai yawa ba ta gushewa gaba ɗaya. Abin da babu jayayya a kansa shi ne ɓarnar ciwon da aka ƙyale. Cutar lupus, wadda garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa fata da gaɓɓai da ƙoda, ta fi kama mata masu shekarun haihuwa, ta kuma fi yawa da tsanani a baƙar fata. Idan ta tashi ana da ciki tana kawo ɓari, da jijjiga, da tsumburewar ɗan tayi, da lalacewar ƙoda. Idan kuwa aka shiga ciki tana kwance, labarin ya sha bamban: wani nazari da aka wallafa a 2015 a kan mata 385 a Amurka da Kanada, waɗanda cutarsu ba ta tsananta ba lokacin ɗaukar ciki, ya samu kashi 81 cikin 100 sun sauka ba tare da wata babbar matsala ga jariri ba. Shi ya sa likitoci ke son a samu wata shida cutar tana kwance kafin a nemi ciki. Mai asma ma haka, idan numfashi ya sarƙe mata iskar ɗanta ce ta ragu, kwana biyar na prednisolone ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba.

Shawarar uwar miji, duk da kyakkyawar niyyarta, ita ce mafi haɗari a cikin ukun, saboda wani dalili da bai shafi ciwon ba ma. Idan mutum ya wuce mako uku zuwa huɗu yana shan prednisolone kullum, 'yan tsokokin nan na kan ƙoda sukan ga an ɗauke musu aiki su kwanta barci. Ba a rana ɗaya suke farkawa ba, wani lokaci sai an yi watanni. Wadda ta yanke maganin farat ɗaya za ta wayi gari babu na kwalba babu na jiki. Sai kasala, da amai, da jiri, jini ya faɗi, idan abin ya yi tsanani har suma da rasa rai. Mugun abin shi ne alamomin farko sun yi kama da laulayi, kowa zai ce ai ciki ne. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Idan za a rage, a hankali ake saukowa bisa tsarin likita. Ko mai laulayin da ke amayar da ƙwayar kwana ɗaya, biyu, ba ta zauna a ciki ba, asibiti ya kamata ta nufa a ba ta ta allura. Ranar naƙuda ma, musamman idan aiki za a yi, likitoci kan ƙara wa irin wannan mata allurar hydrocortisone, wato kotizol ɗin da aka mayar magani, don jikinta ya iya ɗaukar wahalar. Hakan ba zai yiwu ba sai an rubuta maganin a katin awo, ungozomar da ke bakin aiki ta gani. Wadda ke kan wannan magani ba 'yar haihuwar gida ba ce.

Sau da yawa ma ba prednisolone ne abin tsoro a cikin ledar maganin ba, maƙwabcinsa ne. Methotrexate, wanda shi ne ginshiƙin maganin amosanin gaɓɓai, ana sha sau ɗaya a mako, yana zubar da ciki yana kuma naƙasa ɗan tayi, ana so a daina shi wata ɗaya zuwa uku kafin ɗaukar ciki. Mycophenolate da ake ba masu lupus ɗin ƙoda shi ma haka, aƙalla mako shida. Diclofenac da ibuprofen, da ake saye kamar gyaɗa, hukumar Amurka ta yi gargaɗi a 2020 cewa a guje su daga mako 20 saboda suna taɓa ƙodar ɗan tayi su rage ruwan mahaifa, bayan mako 30 kuma suna iya rufe wata jijiya ta kusa da zuciyarsa kafin lokacinta. A ɗaya ɓangaren akwai hydroxychloroquine, ɗan'uwan kulorokwin ɗin zazzaɓin cizon sauro da muka sani, wanda ake so mai lupus ta ci gaba da sha har ta haihu, da azathioprine, da sulfasalazine idan an haɗa da folik asid. Matar da muka fara da ita, tambayar gaggawa a kanta ita ce: wancan "wani maganin" da aka haɗa mata, mene ne sunansa? Idan methotrexate ne, ba a jiran ranar da aka rubuta mata, yau za ta koma.

Bayan suna kuma sai sabon babi. Lafawar da ciki ke kawo wa amosanin gaɓɓai, wadda kusan rabi zuwa biyu bisa uku na mata ke samu, aro ce. Cikin wata ukun farko bayan haihuwa ciwon kan dawo, sau da yawa da ƙarfi, daidai lokacin da ake bukatar hannu don ɗaukar jariri da saɓa goyo. A nan ne ake ce wa mai jego ta zaɓi ɗaya, ko magani ko shayarwa, wai nono zai gurɓace. Awon da aka yi bai goyi bayan wannan ba. A 1985 a Suwidin an auna nonon mata shida masu shan miligiram 10 zuwa 80 a yini. Ƙarfin maganin a nono ya tsaya tsakanin kashi 5 da 25 cikin 100 na abin da ke jinin uwa, aka kuma lissafa cewa ko a miligiram 80 abin da jariri zai sha bai kai kashi 1 cikin 1,000 na na uwar ba. Wato ƙasa da miligiram 0.08, wanda bai kai ushurin kotizol ɗin da jikin jaririn ke ƙera wa kansa ba. Mata shida ba yawa ba ne, amma awon da aka yi daga baya da shekarun da aka kwashe ana shayarwa a kan maganin duk sun tafi a kan haka.

Inda masana suka ɗan saɓa shi ne batun jira. Maganin yana kai ƙololuwa a nono kamar awa ɗaya zuwa biyu bayan an sha, sannan ya yi ta sauka. Amurkawa suka ce mai shan miligiram 20 ko fiye ta jinkirta shayarwa awa huɗu bayan sha. A Birtaniya kuwa littafin magungunansu ya ce har zuwa miligiram 40 a yini da wuya ya yi wa jariri wani tasiri. Ni na fi karkata ga sassaucin, don duk wadda ta yi jego ta san jaririn sati biyu yana neman nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, awa huɗu a wurinsa shekara ce. Dokar da za ta sa ya yi ta tsala kuka har kaka ta ɗauko ruwa ko madarar gwangwani da bulumboti marar tsabta, ɓarnarta ta fi ta ɗigon maganin da ake gudu. A wurin da gudawa ke kashe yara, nonon uwa zalla na wata shida kariya ce da ba ta da madadi. Dabarar da ba ta da wahala ita ce uwa ta shayar da shi ya ƙoshi da safe, sannan ta haɗiyi ƙwayar nan take, idan awon mai yawa ne ta tatsi na ciyarwa ɗaya ta ajiye tun kafin ta sha. Wadda ta daɗe a kan awo mai yawa, a riƙa duba nauyin yaron a katinsa. Wani abu kuma da ya shafe mu: kanwa dangin gishiri ce, mai jegon da prednisolone ya riga ya ɗaga wa jini ba ta bukatar kwanon kunun kanwa safe da yamma a kai.

Saura rigakafin jariri. A Nijeriya da Nijar ana yi wa jariri allurar BCG ta tarin fuka tun a kwanakin farko, ita kuwa ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana. Prednisolone ɗin da uwa ta sha a awon da aka saba ba ya hana a yi ta a kan lokaci. Amma akwai sababbin allurai masu tsada na cututtukan kumburi, irin su infliximab da adalimumab, da suka fara isowa manyan asibitocinmu. Su waɗannan mabiyiya da kanta take ɗaukar su ta miƙa wa ɗan tayi a watannin ƙarshe, su kuma zauna a jininsa watanni bayan haihuwa. A 2010 likitoci a Ingila suka ba da rahoton jaririn da uwarsa ta karɓi infliximab har ƙarshen ciki, aka yi masa BCG yana wata uku, ƙwayar ta bazu a jikinsa ya rasu yana wata huɗu da rabi. Tun daga nan ake jinkirta wa irin waɗannan jarirai allurai masu rai har aƙalla wata shida. Ma'aikaciyar rigakafi ba ta da hanyar sanin abin da uwa ta karɓa a sashen gaɓɓai ko na hanji, sai uwar ko mijinta sun faɗa mata kafin ta zare allurar.